Kurakuran Yanke Tikitin Jirgi Da Ke Cinye Kuɗi, Da Abin Yi Idan Tafiya Ta Sauya

Wurare biyu ne kuɗin matafiyi suka fi zurarewa: 'yan mintocin da ake yanke tikiti, da kuma sa'o'in ƙarshe kafin jirgi ya tashi idan wani uzuri ya gitta. A duka biyun akwai abin da za ka yi ka tsira da kuɗinka, amma lokacinsa gajere ne. Wannan bayani na mai tashi daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja ne, ko mazaunin garin ne ko daga Jos zai taso.

Ranar yanke tikiti

Fara da suna, don shi ne ya fi kayar da mutanenmu. Muhammad, Mohammed da Muhammed suna ɗaya ne a bakinmu, amma a kwamfutar kamfanin jirgi mutum uku ne daban. Haka Aisha da Aishatu, ko Abdulƙadir da Abdulkadir da Abdul Kadir. Kada ka faɗa wa ejan sunanka da baki ta waya. Ɗauki hoton shafin fasfo ka tura masa, ka ce ya kwafi sunan daga layuka biyun nan na ƙasan shafin, masu alamomi kamar kan kibiya a tsakanin kalmomi. Su na'ura ke karantawa, kuma sun nuna wanne ne sunan dangi wanne ne naka. Ba a sa Alhaji, Hajiya ko Injiniya. Matar da ta yi aure amma fasfonta na ɗauke da sunan mahaifinta, da sunan mahaifin za a yanka mata.

Kuskuren harafi ɗaya ko biyu wasu kamfanoni kan gyara, kyauta ko da 'yar tara. Sauya suna baki ɗaya kuwa ba a yi, domin ba a mayar da tikitin wani ya zama na wani. Wanda ya fasa tafiya ba zai iya bai wa ƙaninsa kujerar ba.

Saboda haka ka duba tikitin a take, kafin ka tashi daga ofishin ko ka ajiye wayar. Ejan da ke da rajista da ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA galibi yana iya soke tikitin da ya fitar a ranar da ya fitar da shi, kamar ba a taɓa yankawa ba. Da zarar an kwana, sokewar ta koma neman a dawo da kuɗi, inda dokokin tara ke fara aiki. Mai zuwa Amurka da ya saya kai tsaye daga kamfanin jirgi yana da sa'o'i 24 na sake shawara, in dai saura kwana 7 ko fiye a tashi.

Sai a bambance kama kujera da tikiti. Wannan ya jefa mutane da yawa cikin kunya a gaban kantar awon kaya, da jakunkuna da 'yan rakiya. Takardar da ke ɗauke da sunanka, lambar jirgi da wasu haruffa shida ba ta nufin an biya. Kujera ce aka riƙe maka na ɗan lokaci, idan wa'adin ya cika ba a biya ba sai ta faɗi da kanta. Tikiti na gaskiya yana da lamba mai alƙaluma 13, ukun farko na kamfanin ne: Ethiopian 071, EgyptAir 077, Qatar Airways 157, Emirates 176, Turkish 235. Ɗauki haruffa shidan nan da sunan danginka, ka shiga shafin kamfanin jirgin da kanka, ka tabbatar lambar tikitin ta bayyana ga kowane mutum da ke cikin tafiyar. Kada ka cika wa ejan kuɗi sai ka ga wannan. Idan Umara ce, tambayi lasisinsa na hukumar alhazai ta NAHCON, ka kuma biya ta asusun kamfani, ba na wani ma'aikaci ba.

Kwanan wata ma yana da tarko. Jirgin da aka rubuta zai tashi 00:40 ranar 15 ga wata, daren 14 ne za ka kasance a filin jirgi. Wanda ya zo daren 15 ya makara da kwana guda cur. Kuma kowane lokaci da ke kan tikiti agogon garin da jirgin yake ne: Saudiyya ta riga mu da awa 2, Dubai da awa 3.

Araha ba ta ado

Kujeru biyu na iya kasancewa kafaɗa da kafaɗa a jirgi ɗaya, amma sharuɗɗansu sun yi hannun riga. Kafin ka biya, nemi amsar waɗannan a rubuce: nawa ne tarar sauya rana, nawa za a cire idan ka fasa, nawa ne tarar wanda bai bayyana ba, kuma jaka nawa aka yarje maka, kowace kilo nawa. Tikitin da ya fi araha sau da yawa ba a dawo da kuɗinsa, wani ma ba jakar awo a cikinsa. Idan tafiyar asibiti ce da likita bai tsayar da ranar sallama ba, ko ɗalibi ne da bai san ranar kammala jarrabawa ba, gara a ƙara kuɗi tun farko a sayi mai sassauci. A irin wannan tafiya sauya rana kusan tabbas ne.

Iyaye su lura da jariri. Wanda bai kai shekara 2 ba a cinya yake tafiya da ɗan kuɗi kaɗan, amma idan zai cika shekara 2 kafin ranar dawowa, sai an saya masa kujera a dawowar. Mai juna biyu kuma, daga mako na 28 kamfanoni da yawa na neman takardar likita, bayan mako na 36 yawancinsu ba sa ɗauka.

Takardu kafin tikiti

Kada ka sayi tikitin da ba a dawo da kuɗinsa alhali biza ba ta fito ba. Ofishin jakadanci ba ya ba da biza don tausayin kuɗin da ka kashe, kuma fasfo na iya daɗewa a hannunsu fiye da zato. Inda aka nemi shaidar tafiya, kamar ƙasashen Turai masu bizar Shengen, takardar kama kujera kan wadatar.

Fasfo kuma a ƙirga kwanakinsa. Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa na son ya rage wata 6 aƙalla. Ƙasashen Shengen wata 3 suke nema bayan ranar da za ka baro su. Idan ya gaza, tun a kantar Abuja za a tsayar da kai, domin kamfanin ne ke shan tara idan ya kai mutumin da aka ƙi karɓa. Allurar shawara ba ta fara aiki a kan katin rigakafi sai bayan kwana 10, amma tun 2016 sau ɗaya ake yi har ƙarshen rayuwa. Mai zuwa Umara yana buƙatar ta sanƙarau, ita ma kwana 10 kafin isa.

Abin da ejan marar ƙwarewa ya fi mantawa shi ne bizar yada zango. Mai fasfon Najeriya da zai sauya jirgi a Landan yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin ba. Haka a Faransa, Jamus da Holan. Akwai rangwame ga masu riƙe da wasu bizoji, kamar ta Amurka ko Kanada, amma wanda zai je wata ƙasa dabam ya bincika kafin ya biya. Sau da yawa bi ta Addis Ababa, Alkahira, Doha ko Istanbul ya fi sauƙi saboda wannan dalili kaɗai. A Istanbul ɗin ma a duba, filayen jirgi biyu ne, ɗaya a ɓangaren Turai ɗaya a na Asiya. Tikitin da ya sauke ka a wannan ya ce ka tashi a wancan yana nufin sai ka shiga gari, wato sai da biza.

Tikiti biyu a tafiya ɗaya

Mutumin Jos kan sayi tikitin cikin gida daga filin Yakubu Gowon da ke Heipang zuwa Legas, sannan na ƙasar waje daban. Yarjejeniya biyu ke nan da ba su san juna ba. Idan na farko ya makara, kamfani na biyu babu ruwansa, zai ɗauke ka a wanda bai zo ba. A Legas kuma sai ka karɓi kayanka, ka fito daga tashar cikin gida, ka nemi mota zuwa ta ƙasa da ƙasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan hana jirage sauka a filayen Arewa, wani lokaci yini guda. Shawara a nan ɗaya ce: ka isa garin da za ka tashi tun ana gobe. Kuɗin otal na dare ɗaya bai kai tarar tikitin ƙasar waje ba ko kusa.

Mai zuwa Abuja ta mota ta Akwanga da Keffi shi ma haka. Cunkoson Mararaba da Nyanya kaɗai na iya cinye awa guda ko fiye, ga hanyar filin jirgi ta Lugbe tana jira. Kantar awon kaya ta jiragen ƙasar waje galibi tana rufewa awa guda kafin tashi, kuma roƙo ba ya buɗe ta.

Idan tafiya ta sauya

Rasuwa, rashin lafiya, taron da aka ɗage, duk suna faruwa. Doka ta farko: kada jirgi ya tashi kujerarka na nan da sunanka. Ko saura sa'o'i kaɗan ne, shiga shafin kamfanin ko ka kira ejan a cire ka daga jirgin. Wanda ya sanar a kan lokaci kafin tashi yakan tsira daga tarar rashin bayyana, kuɗin sauyi ne zai biya. Wanda ya yi shiru za a ɗora masa tarar rashin bayyana, a wasu tikitocin ma kuɗin ya tafi ke nan.

Akwai abin da ya fi wannan ciwo. Idan ba ka hau zangon farko ba, kwamfuta na soke duk sauran zangunan, har da na dawowa. Wanda ya rasa jirgin zuwa Jidda, ya sayi wani tikitin tafiya a gurguje yana tunanin na dawowarsa na nan, sai ya gama Umara ya tarar babu kujera. Haka wanda tikitinsa ya fara daga Kano ya biyo ta Abuja, ya ce bari ya jira jirgin a Abuja tunda nan yake. Ana amfani da tikiti ne bi da bi, yadda aka jera shi.

Kuɗin sauya rana kashi biyu ne, wani lokaci uku: tarar kamfani, cikon farashi idan kujerun ajin farashin da ka saya sun ƙare a sabuwar ranar, da ladan ejan. Cikon ne ya fi yin nauyi, musamman a goman ƙarshe na azumi, hutun Disamba, da Satumba lokacin komawar ɗalibai. Ka sa a duba maka kwana biyu ko uku gaba da baya, domin Talata na iya samun ajin naka alhali Juma'a babu. Tikitin ƙasar waje da dala ake lissafa shi, don haka cikon da canjin ranar za ka biya, ba na ranar da ka saya ba. Idan ba ka san sabuwar ranar ba, nemi a bar tikitin a buɗe. Yawanci yana aiki shekara guda, amma ka tambayi ainihin ranar ƙarewarsa ka rubuta.

Inda ka saya nan za ka koma. Tikitin da ejan ko wani shafin intanet ya fitar, kamfanin jirgi kan ce ka je wurinsu. Wannan ne illar sayen tikiti a shafin da ba shi da ofishi a Najeriya: ranar da kake neman mutum da gaggawa sai ka yi ta magana da na'ura. Ko da tikitin na marar dawo da kuɗi ne, nemi harajin da ba a yi amfani da shi ba, ana iya mayar da wani ɓangarensa. Idan kuma rasuwa ce ko kwanciya asibiti, haɗa takardar shaida ka nemi a yafe tarar. Kamfanoni da dama suna da wannan tanadi, sai dai ba sa tallarsa.

Otal kada a manta da shi. Wa'adin sokewa kyauta da agogon garin otal ɗin yake tafiya, kuma idan ba ka iso daren farko ba ba tare da sanarwa ba, ana iya soke sauran kwanakin a cire kuɗi daga katinka.

Idan kamfanin ne ya sauya lokaci sosai ko ya soke jirgi, lamarin ya juya, kai ne da haƙƙi. Kada ka yi saurin danna amincewa a saƙon da suka turo, domin danna shi na nufin ka karɓi sabon lokacin. Kana iya neman wata rana ba tare da tara ba, ko a dawo maka da kuɗinka. Dokokin hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA sun tanadi abin taɓawa bayan jinkirin awa 2 a jirgin cikin gida, da damar karɓar kuɗinka idan ya wuce awa 3, kuma kuɗin da aka biya ta banki ko kati a mayar cikin kwana 14. Ajiye saƙon sokewar, tikitin da rasit, ka rubuta wa kamfanin ta imel don a sami shaida. Idan wa'adin ya wuce shiru, kai ƙara teburin kare haƙƙin fasinja na hukumar da ke cikin filin jirgin Abuja, da kwafin takardun a hannunka.