Yadda Ake Gane Jabun Tsohuwar Giyar Inabi Ba Tare da An Buɗe Kwalba Ba

Da zarar an buɗe kwalba darajarta ta faɗi a kasuwar gwanjo, don haka daga waje ake yin binciken.

Kafin ka taɓa kwalbar ma, duba tarihi: shin gidan da sunansa ke jikinta ya yi wannan giya a wannan shekara? A 2008 an kai kwalaben giyar Clos Saint-Denis na gidan yin giya na Ponsot da ke Faransa gwanjo a New York, ɗauke da shekaru daga 1945 zuwa 1971, alhali gidan bai fara yin ta ba sai 1982. Daga nan asirin Rudy Kurniawan, wanda ya kai kwalaben, ya fara tonuwa, har aka ɗaure shi shekara 10 a 2014.

Sai takardar jikin kwalba, inda masu maguɗi suka fi tuntuɓe. Kashe wuta, ka haska ta da irin fitilar da banki ke duba kuɗi da ita. Tun daga shekarun 1950 ake zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, kuma yana ƙyalli shuɗi a ƙarƙashin fitilar. Takardar da aka ce ta 1920 ce bai kamata ta yi haka ba. Ɗora gilashin ƙara girma a kan haruffa: idan ka ga ɗige-ɗige masu launi a gefensu, firintar zamani ce ta buga. Jera kwalaben kuma ka kwatanta tabonsu. Tsufa na gaskiya ba ya maimaita kansa, tabo iri ɗaya a wuri ɗaya aikin hannu ne.

Toshiyar kwalba ta ɗauki sunan gidan da shekarar. Zane biyu a tsaye a gefenta alama ce an taɓa zare ta da mabuɗi mai harshe biyu. A nan a yi hattara, domin manyan gidajen giya na yankin Bordeaux a Faransa kan sake wa tsofaffin kwalabe toshiya, su buga shekarar da aka sake. Giyar da ta shekara 60 tana cike har wuya, ba shaidar sake toshiya, abin zargi ce, domin giya kan ragu a kwalba idan ta daɗe.

Mataki na ƙarshe na ɗakin gwaje-gwaje ne: auna sinadarin siziyom-137 da ke cikin giyar ta jikin gilashi. Babu shi a iska kafin gwajin bam ɗin nukiliya na 1945, saboda haka samun sa a kwalbar 1900 ya kashe magana. Rashin sa kuwa bai wanke ta ba, tun da ana iya ɗura tsohuwar giya mai araha a kwalbar babban gida.