Gizo-gizo ne a cikin dutsen nan, ko Opiliones?

Ɗalibaina a Garwa, da sun ga hoton halitta mai ƙafa takwas da ta daskare cikin dutse, sai su ce gizo-gizo ne. Ku dakata, ku fara duba ƙugu. Na gizo-gizo siriri ne, ya raba jikin biyu. Opiliones kuwa, wani ɗan'uwan gizo-gizo mai ƙafa takwas shi ma, a dunƙule yake kamar ƙwayar wake, yawanci da ido biyu a kan ɗan tudu. Ba ya saƙa, kada ku wahala neman mafitar zare.

Mafi tsufan Opiliones da aka sani, Eophalangium, a Rhynie ta Sikotilan aka tono shi, shekarunsa kusan miliyan 410.

In kuwa sulken bayan halittar ya rabu layi uku, ku sa ta cikin Trigonotarbida, wani dangi mai kama da gizo-gizo da ya ƙare ƙaƙaf.