Yadda ake cire tsiron dabino a dasa

Kwakwar manja ba ta tsiro a gindi, shi ya sa sai a ɗakin gwaji ake kwafar itacen da mansa ya fi kyau, wato a samar da irinsa sak. Mu a Sakkwato dabino ya sauƙaƙa mana, domin tsiron gindinsa uwar ce sak.

Don Allah kada ka shuka ƙwallo, malam. Kusan rabi maza za su fito, su kuwa ba sa 'ya'ya.

Zaɓi tsiro mai shekara 3 zuwa 4, ka tara masa ƙasa mai laima har ya yi saiwa. Yanke shi daidai mahaɗarsa da uwa da ƙarfe mai kaifi, rage ganyen, ɗaure sauran. Dasa farkon damina, kada ƙasa ta rufe zuciyarsa, wato inda sabon ganye ke fitowa, nan yake ruɓewa. Makonnin farko, ban ruwa kullum.