Kurakuran da aka fi yi a wasannin gina birni, da yadda ake gyara su

A watan Maris na 2025 wasan kwamfuta na Cities: Skylines ya cika shekara 10 da fitowa. Kamfanin Colossal Order da ke Tampere a ƙasar Finlan ne ya ƙera shi, Paradox Interactive na Suwidin ya kai shi kasuwa ranar 10 ga Maris, 2015. Kafin shi akwai SimCity da Will Wright ya ƙirƙira, wanda ya fito a 1989, kuma SimCity 4 na shekarar 2003 har gobe yana da masu gina birane a cikinsa. Duk sanda irin wannan cikar shekara ta zagayo, tsofaffin hannu sukan baje hotunan biranensu, da dogayen benaye da gadojin sama da fitilun dare. Sabon shiga ya gani ya yi sha'awa, ya sauke wasan, kafin mako ya zagayo titunansa sun cushe, baitulmali ya bushe, mazauna suna tattara komatsansu suna barin gari. Daga nan sai ya ce wasan ne ke da wuya.

Ni ban yarda da haka ba. Hoton da ya gani a tsaye yake, birni kuwa motsi ne. Kusan duk kurakuran da zan ambata uwarsu ɗaya: a gina abin da ido zai gani kafin a tambayi ta ina mutane da kaya da shara za su bi. Mafi yawan misalaina daga Cities: Skylines na farko suke, amma darasin yana aiki a sauran.

Cinye jari tun ranar farko

Wasan yana ba ka kuɗi 70,000 ka fara da su. Da yawa sukan shimfiɗa dogayen tituna ko'ina, su ja bututun ruwa da wayar lantarki har bakin taswira, alhali ko mutum ɗaya bai tare ba. Abin da suka manta shi ne kowane titi da kowane ginin hidimar gari yana da kuɗin kula da ake cira duk mako, ko ana amfani da shi ko ba a yi. Ka tsayar da agogon wasan tukuna, ka shata ƙaramar unguwa da titi mafi araha, ka matso da komai kusa da juna don bututu da waya su gajarta. A allon kasafin kuɗi ana iya rage kason lantarki da na ruwa har zuwa kashi 50 cikin 100, kuma ƙaramin ƙauye ba ya bukatar fiye da haka. Sai ka riƙa ɗagawa yadda jama'a ke ƙaruwa. Haraji yana farawa daga kashi 9, mazauna kuma sukan jure kashi 12 ba tare da ƙorafi ba. Wuce nan kuwa, ka fara korar su ke nan.

Shan ruwan da ka zubar

Wannan gajere ne amma yana kashe gari. Idan ka ɗauki injin zuƙo ruwa za ka ga kibiyoyi a kan kogi suna nuna inda ruwan ya dosa. Injin zuƙowa a sama yake zama, wato ta inda ruwan ke gangarowa, bututun zubar da ƙazanta a ƙasa, da tazara mai kyau. Ka juya su, sai gari duka ya kwanta ciwo, asibitoci su cika, ka rasa dalili. Haka tankin ruwa: kada ka dasa shi kusa da masana'antu, domin gurɓatacciyar ƙasa tana gurɓata abin da yake zuƙa. A Cities: Skylines II, wanda ya fito a watan Oktoba na 2023, iska ma tana ɗaukar hayaƙi, saboda haka ka duba inda take kaɗawa kafin ka zaɓi wurin gidaje.

Ƙara faɗin titi don maganin cunkoso

Nan ne zan daɗe, domin nan ne mafi yawan birane ke mutuwa.

Mutum ya ga layin motoci ya yi tsawo, sai ya rushe titi mai layi biyu ya sa mai layi shida. Ya saki agogo, ya ga motocin nan duka sun jeru a layi ɗaya, sauran layukan da ke gefensu fayau. Ransa ya ɓaci. To, ga abin da ke faruwa. Direba a wannan wasa tun kafin ya bar ƙofar gida yake zaɓar hanyarsa, bisa tsawonta da gudun da aka halatta a kanta, ba ruwansa da ko ta cushe. Idan mota ɗari duka hagu za su juya a mararraba ta gaba, duka za su shiga layin da ke juyawa hagu, ko da titin ya kai faɗin filin ƙwallo. Matsalar tana wurin da dukansu suke son shiga, don haka can za ka duba.

Ka danna titin da ya cushe, ka buɗe allon da ke nuna hanyoyin zirga-zirga. Zai zana maka daga ina motocin suka fito, ina suka nufa, kuma wane iri ne: na gida, na kaya ko na hidimar gari. Sau da yawa za ka tarar gari duka ƙofa ɗaya yake da ita zuwa babbar hanya. Ma'aikaci mai zuwa aiki, tirela mai kawo kaya, motar shara, baƙo mai yawon buɗe ido, kowa ta wannan maƙogwaro zai wuce. Maganinsa ƙofa ta biyu da ta uku, kowace unguwa da tata mafita.

Sai jerin girman tituna, wanda shi ne ƙashin bayan komai. Ka ɗauke shi kamar itace: gangar jiki, manyan rassa, ƙananan rassa, sannan ganye. Babbar hanya tana zuba wa manyan titunan gari, su kuma su zuba wa matsakaita, matsakaita su raba wa lungunan unguwa inda gidaje suke. Kuskuren da ake yi shi ne a jera shaguna da gidaje a bakin babban titi, kowace mota tana tsayawa tana sauke kaya, sannan a yanka mararraba bayan kowane taku kaɗan, kowacce da danjarta. Titin da aka yi don wucewa sai ya koma wurin tsayawa. Ka bar manyan tituna da 'yan mahaɗu masu nisa da juna, ka mayar da gine-gine ƙananan titunan da ke bayansu. Inda danja ba ta da amfani, ana iya kashe ta daga allon mahaɗu, a sa alamar tsayawa a kan ƙaramin titin kawai.

Akwai kuma lissafin layi, dabarar da tsofaffin 'yan wasa suka daɗe suna koya wa juna. Idan babbar hanya mai layi uku ta zo wurin da reshe ɗaya zai fita, ka mayar da abin da ya ci gaba mai layi biyu, har zuwa inda wani reshe zai shigo ya cike na ukun. Ta haka mai fita yana da layinsa, mai shigowa yana da nasa, ba mai tsayar da wani. Shataletale ma yana taimakawa ƙwarai, amma sai yana da girma, kuma kada a cika masa hannuwa kusa da juna. Ƙaramin shataletale mai ƙofa shida kulle kansa yake yi.

Abin da ya sa nake son wannan fanni na wasan shi ne gaskiyar da ke cikinsa. A Houston ta Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, a wasu wuraren ta kai layi 26 idan an haɗa da titunan gefe, amma cikin 'yan shekaru lokacin da masu zuwa aiki ke ɓatawa a kanta ya sake ƙaruwa. Sabon fili yana jawo sababbin motoci. A 1968 wani masanin lissafi Bajamushe, Dietrich Braess, ya nuna cewa ƙara hanya a cikin tsarin tituna na iya tsawaita tafiyar kowa. Birnin Seul na Koriya ta Kudu kuwa akasin haka ya yi: a 2003 aka fara rushe gadar sama da ta rufe rafin Cheonggyecheon, a 2005 aka buɗe rafin ga masu tafiya a ƙafa, kuma gari bai tsaya ba. Dalilan wasan da na duniya ba daidai suke ɗari bisa ɗari ba, amma duka biyun suna hukunta wanda ya ɗauka faɗi kaɗai ne magani.

Tura tireloli ta tsakiyar unguwa

Masana'anta tana karɓar ɗanyen kaya, ta sarrafa, ta aika wa shaguna ko ta fitar waje. Kowane mataki mota ce mai nauyi. Idan ka ajiye yankin masana'antu a can ƙuryar gari, dole tirelolin su ratsa gidajen mutane, ga ƙara ga cunkoso. Idan suka makale a hanya kuma, shaguna su fara kukan rashin kaya, su rufe. Ka ba masana'antu nasu mashigi kai tsaye daga babbar hanya, ka yi amfani da tituna masu hannu ɗaya a cikinsu, sannan ka shata unguwannin zama ka sa musu dokar hana manyan motoci. Tashar jirgin ƙasa ta kaya tana rage nauyi sosai, sai dai ita kanta matattarar tireloli ce, don haka ka ba ta dogon titi nata na kanta inda za su yi layi ba tare da sun toshe wa kowa ba.

Shata unguwanni da yawa a lokaci guda

Sandar nan kore da ke nuna bukatar gidaje ta cika, sai mutum ya shafa wa rabin taswira koren fenti a zama ɗaya. Dubban mutane su tare a mako guda, kuɗin haraji da ke shigowa ya ƙaru, ya ji daɗi. Abin da bai lura ba shi ne waɗannan mutane kusan sa'o'in juna ne. Tare za su tsufa, tare za su rasu. Wata rana sai ya ga alamar gawa a kan ɗaruruwan gidaje, motocin gawa ba su isa ba, waɗanda ke akwai sun makale a cunkoso, maƙwabta suna gudu, gine-gine suna zama kufai. Yawan jama'a ya faɗi warwas, kuɗin shiga ya bi shi. Idan kuma aka sake cika gidajen a lokaci ɗaya, an shuka wata guguwar ke nan nan gaba.

Rigakafin shi ne haƙuri. Ka shata kaɗan, ka jira ya cika, ka ɗan dakata, ka ƙara. Sannu ba ta hana zuwa. Maƙabartu da sauran wuraren hidima kuma a warwatsa su cikin gari, kada a tara su gefe ɗaya, domin abin da ya fi yawansu muhimmanci shi ne ko motarsu za ta iya isa ƙofar gida da wuri. Wannan ƙa'ida ta shafi motar shara, motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana baki ɗaya. Sau da yawa mai wasa yana ta ƙara ofishin kashe gobara, alhali titi ne ya hana wanda yake da shi aiki.

Ilimi ba tare da aikin da ya dace da shi ba

Makarantu suna ɗaga darajar gidaje, wannan gaskiya ne. Amma idan kowa ya gama jami'a, ga gari cike da ƙananan masana'antu masu neman leburori, sai ka ga suna kukan rashin ma'aikata. Kada ka rushe makarantu. Da zarar an buɗe maka yankin ofisoshi, ka fara mayar da wani kaso na guraben aiki can, ka kuma inganta hidimomi kusa da masana'antu don su hau mataki su fara ɗaukar masu ilimi.

Mantawa da masu ƙafa

Mazaunan wannan wasa suna da juriyar tafiya fiye da yadda ake zato. Siririyar hanyar ƙafa da ta haɗa unguwa da kasuwa, ko gadar ƙafa a kan babban titi, tana iya cire motoci masu yawa daga hanya da kuɗi ƙalilan. Wajen bas kuma, kuskuren shi ne a zana layi ɗaya mai zagaye gari duka da tasha a kowace kusurwa, bas-bas su jeru a bayan juna su zama su ne cunkoson. Gajerun layuka sun fi, su kwaso mutane daga unguwa su kai su tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, shi kuma ya yi doguwar tafiyar. Birnin Curitiba na Birazil ya nuna tun 1974 abin da bas zai iya idan aka ware masa layinsa shi kaɗai, kuma a wasan ma titi mai layin bas yana biyan kuɗinsa.

Lodin mod ba lissafi

Babban abin da ya raya waɗannan wasanni shekara da shekaru shi ne gyare-gyaren da 'yan wasa ke ƙirƙira da kansu, waɗanda ake kira mod. Network Addon Mod ya sake fasalin zirga-zirga a SimCity 4, Traffic Manager: President Edition kuma ya ba mai Cities: Skylines ikon cewa wane layi zai juya ina. Mutane ne suka ba da lokacinsu kyauta, kuma sun cancanci godiya. Sai dai sabon shiga yakan shiga Steam Workshop, dandalin intanet da ake sauko da mod, ya kwaso ɗaruruwa a dare ɗaya, kwamfuta ta yi nauyi, wasan ya ƙi buɗewa, bai san wanne ne mai laifi ba.

Ka gina birni ɗaya tukuna ba tare da mod ko ɗaya ba, don ka san halin wasan na asali. Bayan nan ka riƙa ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, kana karanta bayanin kowanne da ranar da aka sabunta shi. Duk lokacin da kamfani ya saki sabuntawa, wasu mod sukan lalace har sai masu su sun gyara, don haka kada ka yi saurin buɗe birnin da ka fi ƙauna a ranar. Kada kuma ka cire samfurin titin da ka sauko da shi daga intanet alhali yana shimfiɗe a cikin garinka, domin fayil ɗin na iya ƙin buɗewa gaba ɗaya. Kafin kowane babban canji, ka adana kwafin birnin da sabon suna, ka ajiye na jiya a gefe.