Yadda ake saka lokacin hutun ma'aikata a manhajar tsara hanya

Kamfanin da ke tura masu gyara gida-gida, ko masu saka sola ne ko masu haɗa intanet, yakan bar manhaja ta jera wa kowa ayyukansa. In ba a gaya mata akwai hutu ba, za ta cika ranar maƙil, aikin la'asar ya koma na magariba.

Fara da doka. Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce wanda zai yi aikin awa 6 ko fiye a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa 1 ba, ko a dunƙule ko a rarrabe. A Tarayyar Turai kuwa direban babbar mota sai ya huta minti 45 bayan tuƙin awa 4 da rabi.

Kada ka kafe hutu a ƙarfe 1:00 daidai. Ba shi tazara: ya fara tsakanin 12:30 da 2:30, tsawonsa minti 40, sauran minti 20 ka ajiye wa la'asar. A Route Optimization API, wato manhajar tsara hanya ta Google, gurabe uku ake cikewa: farkon lokacin da hutu zai iya farawa, ƙarshen lokacin da zai iya farawa, da mafi ƙarancin tsawonsa. Wannan manhajar ba ta yanka aiki gida biyu don hutu, sai dai ta saka shi kafin aiki, bayansa, ko a hanya. Nan ne ake yawan tuntuɓe. Saka batir da inbata na iya cin awa 3. In tazarar hutun minti 30 ce kacal, manhajar za ta ture aikin zuwa yamma, ko ta yar da shi ta ce ba ya shiga. Maganinsa faɗaɗa tazarar, ko ka raba dogon aiki gida biyu a adireshi ɗaya.

Juma'a daban ce, domin sallar tana da wuri da lokaci. Shigar da ita kamar aiki na dole, da adireshin masallacin da ke yankin, sannan ka ƙara lokaci saboda cunkoso da titunan da ake tarewa.

Duba agogo. Najeriya da Nijar suna gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna lokaci da shi, da awa 1, don haka 13:00 da aka shigar a matsayin UTC zai fito ƙarfe 2 na rana.

A tilasta wa ma'aikata danna maɓallin hutu a wayarsu. Wanda ya ci tuwonsa a ƙofar kwastoma bai danna ba, mintunan za su hau kan aikin, kuma in da wannan bayanin ake ƙiyasta tsawon ayyuka, gyaran awa 1 zai riƙa fitowa awa 1 da minti 40 a jadawalin makon gaba.