Kaza ta ɓoye ƙwai ko ta kwanta ta ƙi tashi: yadda nake yi da nawa

Ina da wata wake-waken kaza da ta taɓa ɓace min wajen sati biyu, har na gama zargin muzuru da yaran unguwa, na haƙura. Ranar nan da hantsi sai ga ta a tsakar gida ta bubbuɗe gashi kamar talotalo, tana ƙut ƙut ƙut, ta warci dusa a gurguje ta sha ruwa ta juya. Na sa yaro ya bi ta. Ashe tana can bayan buhunan gawayi a ɗakin shirgi, kwance a kan ƙwai 19. Murna kamar me, har na fara lissafin kajin sallah. Tsaki huɗu ta fitar, sauran duk ɓaragurbi, ɗaya ma ya fashe a ƙarƙashinta, warin sai da ya kwana uku a ɗakin.

Kuma laifina ne wallahi. Ban yi musu gurbi ba, ita ta nemi nata, sauran kajin suka gano wajen suna ta ƙara mata sabon ƙwai a kan wanda ta riga ta fara ɗumamawa. Tun daga nan na daina barin kaza ta yanke wa kanta hukunci. Ranar da na ga alamar kwanci, ranar nake zaɓa: ko in shirya mata ta ƙyanƙyashe da kyau, ko in tashe ta ta koma saka. Barin ta haka nan a wani lungu a ce Allah ya kiyaye shi ne ke jawo asarar.

Toh ya ake gane kaza ta shiga kwanci? Ba wuya. Wadda ta shiga saka kawai za ta yi ɗan zamanta ta fito tana kyarkyara. Mai kwanci kuwa za ki same ta a gurbi da rana, ki dawo da magariba tana nan, dare ya yi sauran sun hau bisa ita ko motsi. Ki kai hannu ta kumbura ta yi miki wani gurnani ta kai sara. In kin ɗaga ta ki duba ƙirjinta za ki ga ta fige gashin wajen, fata a fili da zafi, da shi take ɗumama ƙwan. Sau ɗaya take fitowa a rana, ta yi wani ƙaton kashi mai wari da ta tara tun jiya, ta ci ta sha ta ɗan yi birgima a ƙasa, minti ashirin ko talatin ta koma. Wani sinadari ne a jikinta da ake kira furolaktin yake hawa, shi ke tsayar da saka ya kawo kwanci, shi ya sa ko ba zakara a gidan, ko kin kwashe ƙwan tas, za ta iya kwanciya a kan ƙasa zalla. Kajinmu na Hausa su ne gwanayen wannan, su yi ƙwai goma zuwa sha biyar su kwanta. Na gidan gona irin su ISA Brown ko ShikaBrown da aka samar a Shika ta Zariya an riga an tace musu wannan halin, da wuya ki ga sun kwanta, ko sun kwanta ma ba a cika dogara da su ba.

Neman ɓoyayyen gurbi kuma sai da dabara, dan kaza in ta ga kina bin ta sai ta yi ta yawo da hankalinki tana tsince-tsince kamar ba inda za ta. Yawanci da safe suke saka. Ki kulle su a akurki har wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya, wadda ƙwai ya matsa za ki ga tana zarya a bakin ƙofa tana kuka, ki buɗe mata ita kaɗai ki tsaya daga nesa, a guje za ta tafi wajen, ta nuna miki da kanta. In kuma ta riga ta kwanta, sai ki yi gadin lokacin da take fitowa cin abinci ki sa yaro mai haƙuri ya bi ta a hankali. Wuraren nasu ai sanannu ne: ƙarƙashin rumbu, bayan randa, cikin tulin kara ko harawa, tsohuwar taya, murhun da aka daina amfani da shi, kangon maƙwabta, har ƙarƙashin gado in ana barin ƙofa a buɗe. Dan Allah kar ki zura hannu a lungu mai duhu. Ki haska da tocila ki taɓa da sanda tukuna, inda ƙwai ya taru maciji na zuwa, kunama ma na son irin wajen.

Kin samu gurbin, sai me? In ba ta fara kwanci ba, ƙwan a sanyaye suke, kar ki kwashe duka a take, in ta dawo ta tarar wayam wani wajen za ta canza wanda ya fi wannan ɓuya. Ki bar mata ɗaya ko biyu da kika yi wa alama da fensir ko gawayi, kullum ki ɗebe sabbin, kafin ki gama shirya mata wajen kirki. Waɗanda kika kwaso kuma ba ki san kwanansu ba, ki zuba ruwa a roba ki saka su. Wanda ya nutse ya kwanta sabo ne, wanda ya tsaya a tsaye ya kwana biyu amma a dafa shi da wuri, wanda ya taso sama a jefar. Ko wanda ya nutsen ma ki fasa shi a kofi daban kafin ki zuba a cikin sauran, ni a waje ma nake fasawa. Wannan gwajin na ƙwan ci ne kawai, wanda za a sa wa kaza ba a jiƙa shi ba a wanke shi, akwai wani ɗan rufi a jikin ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta, wanki na cire shi.

Yanzu a ce kina son tsaki. Abu na farko ki tabbatar kwancin na gaske ne, ki bar ta kwana biyu ko uku a kan tsofaffin ƙwai masu alama, dan wasu budurwar kaji za su kwanta yau gobe su watsar. In ta dage, sai ki haɗa ƙwan da kike so ki zuba mata su duka a rana ɗaya. Wannan rana ɗayan ita ce maganar gaba ɗaya. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, in wani ya riga wani da kwana biyar, na farko za su fito, uwar ta jira kwana ɗaya ko biyu ta tashi da 'ya'yanta ta bar sauran su huce su mutu a ciki. Abin da ya ci ni ke nan a bayan buhun gawayi. Ki zaɓi ƙwai masu tsafta, ba tsaga, ba ƙanana can ba kuma ba ƙattai masu gwaiduwa biyu ba, waɗanda ba su wuce sati ɗaya da sakawa ba, daga kajin da zakara ke bi. Ajiyarsu kafin ranar, a waje mai sanyi da inuwa, tsinin yana kallon ƙasa, ni kusa da randa nake ajiyewa a kan yashi. Ban da firji. A watan Afrilu da Mayu kuwa da zafi ke kaiwa digiri 40, ƙwai ba ya jure ajiya, kwana uku huɗu ya isa, ni gaskiya ma ba na cika sa kwanci a lokacin, na fi ganin albarka daga kaka zuwa sanyi.

Yawan ƙwan, kar a yi haɗama. Kazar Hausa matsakaiciya takwas zuwa goma, babba ta ɗauki sha biyu. Ki duba bayan ta kwanta, in kina hango ƙwai ta gefe sun yi mata yawa, ki rage. Ita tana jujjuya su da baki, na gefe ya shigo tsakiya na tsakiya ya fita, ke nan in sun yi yawa kowanne sai ya sha sanyi a nasa layin, a rasa duka maimakon biyu. Ki zana wa kowanne alama, ki rubuta ranar a bango ko a waya. Duk ƙwan da kika gani ba alama wata ce ta zo ta ƙara, ki cire.

Gurbin kansa, tsohuwar tukunyar ƙasa da ta fashe, kwando, ko kwali mai ƙwari duk suna yi. Yashi a ƙasa, a barbaɗa toka, a ɗora busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi a ɗan loɓa tsakiya yadda ƙwan ba za su gangare ba. Waje mai ɗan duhu, ba hayaniya, inda ruwan sama ba ya kwanciya, kuma wanda za a iya rufewa da dare saboda muzuru da gafiya. In inda ta ɓoye ɗin ba shi da tsaro dole a ɗauke ta, amma da dare ake yi, bayan isha'i, ba haske sosai, a ɗauki ƙwan a jera a sabon wajen a ɗora ta a kai a kife da kwando kwana ɗaya ko biyu. Da rana in kika gwada, tsohon wajen za ta koma ta kwanta a ƙasa ta bar ƙwan. Wasu ko da daren ma ba sa yarda, shi ya sa na fi son in motsa ta tun tana kan ƙwan gwaji. In kuwa kin same ta ta riga ta yi nisa kuma wajen ba laifi, ki kewaye ta a nan ɗin kawai.

Ruwa da tsaba a ajiye kusa amma ba a bakinta ba, ta tashi ta miƙe ƙafa ta yi kashinta a waje. Sai ƙuma, ita ce babbar abokiyar gabar mai kwanci, tana kwance wuri ɗaya suna shan jininta har ta rame, tukkunta ya yi fari, wata ta gudu ta bar ƙwan saura kwana kaɗan. Ki ajiye mata toka da yashi inda za ta yi birgima in ta fito, in abin ya yi yawa ki je wajen masu maganin dabbobi su ba ki hodar da ta dace da kaji, kar ki fesa maganin sauro ko fiya-fiya a kan ƙwai.

Kwana bakwai zuwa goma ki haska su. Da dare, tocilar waya ta isa, ki ɗora ƙwan a kan hasken ki rufe gefe da hannu. Mai rai za ki ga jijiyoyi ja kamar saƙar gizo da ɗan baƙin ɗigo, wanda ya fito fes kamar sabo ba komai a ciki, wanda ke da jan zobe ya fara ya mutu. A cire waɗannan tun kafin su ruɓe su fashe su ɓata sauran. Daga kwana 18 kuma hannu ya fita, ba ɗagawa ba leƙe. Kin ji tsiyau tsiyau a ƙarƙashinta ki danne zuciyarki, kuma kar ki ɓare wa tsako ɓawo wai taimako, yakan ɗau kusan yini daga huda zuwa fita. Ranar farko ba sa buƙatar ci, gwaiduwar da suka shanye na riƙe su. Ruwansu a faranti marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki, dan tsako na nutsewa a ɗan ruwan da ba ki zata ba.

Da damina in zabi sun fara zuba, kaza mai kwanci kuɗi ce. Zabuwa ba ta iya reno ba, za ta ja 'ya'ya cikin raɓa su ƙare, shi ya sa tun kakanni ake sa wa kaza ƙwan zabi. Nasu kwana 26 zuwa 28 ne, in za ki haɗa da na kaza ki fara sa na zabin da sati ɗaya. Ɓawonsu da kauri, haskawa sai tocila mai ƙarfi. Na agwagwa irin tamu ta gida kwana 35 ne, ya yi wa kaza tsawo, sai mai jiki sosai. Kakata ta ce gurbin zabo ba a taɓa shi da hannu sai da ludayi wai tana jin wari, ni dai abin da na lura in an bar mata 'yan kaɗan kuma ba ta ga mutum a wajen ba tana ci gaba da zuwa.

In kuma ƙwai kike so ba tsaki ba, ki yi lissafi: sati uku na kwanci, ga reno wata biyu ko fiye, kusan wata uku ba ƙwai ke nan. Toh a tashe ta tun ranar farko ko ta biyu, in ta daɗe ya fi wuyar saki. Ana tsoma su a ruwa, ana ɗaure ƙafa a rana, har na ga masu soka gashi a hanci, ni duk ba na yi, azaba ce kawai, kuma jiƙa kaza da hunturu neman mura ne. Abin da ke aiki shi ne a hana ƙirjin nan ɗumi. Ki samu keji mai raga a ƙasa ki ɗora a kan bulo yadda iska za ta shiga ta ƙarƙashi, ba ciyawa ba tsumma, a inuwa mai haske inda take ganin sauran kaji, da ruwa da abinci isasshe. Bayan kwana uku ki sake ta da safe. Ta shiga cikin 'yan uwanta tana tono, ta warke, ta miƙe sai gurbi, a maida ta kwana biyu kuma. Saka takan dawo bayan sati ɗaya zuwa biyu, wata ta ɗan fi haka in ta rame, sai a ƙara mata abinci mai kyau, ba dusa zalla ba.

Su kuma sauran dan kar a koma gidan jiya, gurbi ɗaya ga kaji huɗu ya isa, a lungu mai duhu cikin akurki, da ƙwai ɗaya mai alama a ciki ko wani farin dutse mai siffarsa, kaza inda ta ga ƙwai nan take yarda da shi. Ki riƙa tsare su har hantsi na sati ɗaya su saba, ki kwashe ƙwai kullum kafin yamma, tsohon maɓoyar kuma a toshe ta da bulo ko ƙaya. Wake-waken nan tawa sai da na toshe waje uku kafin ta haƙura da tukunyar da na ajiye mata.