Darasi na 7: Karanta fayil ba tare da an tsayar da manhaja ba

Kwamfuta tana lissafi cikin ƙiftawar ido, amma ɗauko bayani daga faifan ajiya yana cin lokaci. Manhajar da aikinta shi ne sauraron abin da zai faru, ko danna maɓalli ko saƙon da ya shigo ta intanet, ba za ta naɗe hannu tana jiran faifai ba. In ta tsaya, duk mai hulɗa da ita ya tsaya. Shi ya sa ake amfani da kolbak, wato guntun aiki da za ku rubuta ku miƙa wa tsarin, ku ce masa: "In ka gama karanta fayil ɗin, kira wannan."

Misalinmu da Node.js ne, tsarin da ke kunna manhajojin da aka rubuta da yaren JavaScript, wanda Ryan Dahl ya fitar a 2009. Ku buɗe fayil mai suna suna.txt, ku rubuta sunanku a ciki, sannan a wani fayil daban ku rubuta wannan manhaja:

const fs = require('fs');
fs.readFile('suna.txt', 'utf8', (kuskure, bayani) => {
  if (kuskure) {
    console.log('Matsala:', kuskure.code);
    return;
  }
  console.log(bayani);
});
console.log('Na aika');

Kafin ku kunna, ku tambayi kanku: me zai fara fitowa a allo? "Na aika" ne, ko da yake shi ne layin ƙarshe. Umurnin readFile bai tsaya karatu ba. Ya miƙa aikin ga ma'aikatan bayan fage na libuv (ɓangaren Node.js mai kula da irin wannan aiki), waɗanda guda 4 ne in ba a sauya adadinsu ba, ya dawo nan take. Sai layukan da ke gaba sun ƙare, karatu kuma ya kammala, sannan a kira kolbak ɗinku.

A nan yawancin masu koyo suke tuntuɓe. Sukan nemi yin amfani da abin da ke cikin fayil a layin da ke ƙarƙashin readFile, sai su tarar babu komai, su ɗauka fayil ɗin ne ya lalace. Lafiyarsa ƙalau, bayanin ne bai iso ba tukuna. Duk aikin da ya dogara da bayanin, cikin kolbak za a sa shi. Haka ma in za ku karanta wani fayil ku rubuta sakamakon a wani: kiran writeFile yana shiga cikin kolbak ɗin readFile. Kada kuma ku aika rubutu biyu zuwa fayil ɗaya ba tare da jiran na farko ba, don babu tabbacin wanda zai riga wani, kuma suna iya cakuɗewa.

Ku lura kuskure ne ya zo farko a kolbak, kafin bayani. Ƙa'idar Node.js ce, kuma a duba shi ko yaushe. ENOENT yana nufin ba a ga fayil ɗin ba, galibi saboda kuskuren suna ko adireshi. EACCES, ba ku da izinin taɓa shi. EMFILE, an buɗe fayiloli da yawa a lokaci guda, abin da kan faru in an kira readFile sau dubbai a jere. Kalmar return ɗin nan ma ba ado ba ce: in kun cire ta, manhaja za ta faɗi matsalar, sannan ta ci gaba da aiki da bayanin da babu shi. Kewaye readFile da try da catch, wato umurnin kama kuskure da aka saba, kuwa ba zai kama wannan kuskure ba, domin lokacin da ya iso an riga an wuce wurin.

In kun manta 'utf8', wato tsarin da ke mayar da lambobin fayil haruffa, lambobi za ku gani maimakon rubutu. Babban fayil kuma kada a haɗiye shi gaba ɗaya, a yi amfani da createReadStream, mai kawo shi gutsure-gutsure, kilobait 64 kowane zuwa. A nan ma a ambaci 'utf8'. Haruffa irin su ɓ da ɗ da ƙ bait 2 kowanne yake ci, kuma yankan yana iya faɗawa tsakiyar harafi; in ba a ambaci 'utf8' ba, sai ya fito a gurɓace.

Gwaji: ku sauya sunan fayil ɗin zuwa wanda babu shi, ku rubuta abin da ya fito. Sannan ku cire return, ku sake kunnawa, ku kwatanta.